Dashen Gashi: Ana Iya Yin Aikin Da Ido Ba Zai Gane Ba?

Duk wanda ya taɓa yada zango a filin jirgin saman Istanbul ya ga mutanen nan. Maza ne, matasa da magidanta, an zagaye musu goshi da baƙin ƙyalle, gaban kai jawur da ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa garin barkono, ƙeya kuma a rufe da bandeji. Ba haɗari suka yi ba, daga dashen gashi suka fito. A 'yan shekarun nan har da namu a cikinsu: ɗan kasuwar da ya je saro kaya Turkiyya ya ware kwana uku, da ma'aikacin da ya yi shekara yana tara kuɗi don wannan tafiya kaɗai. Kuma kusan kowa a cikinsu tambaya ɗaya ce ta hana shi barci kafin ya biya kuɗin jirgi: idan ya warke, za a gane?

Ana iya yin aikin da ko wanzaminka sai ya ƙura ido kafin ya ankara. Wannan ba talla ba ne, ana yi, na kuma gani. Sai dai yawancin masu tambayar suna auna abin da hoton wata goma sha biyu bayan aiki, alhali ainihin alƙalin shi ne shekara goma ko ashirin masu zuwa. Kan da ya yi kyau yau zai iya tona asirin mai shi gobe, ba don gashin da aka dasa ya zube ba, sai don wanda ba a dasa ba ya ci gaba da zuba.

Kafin a kai can, sai a san me ake yi tukuna. Sanƙon gado, wanda shi ne ya fi yawa a maza, aikin wani sinadari ne da ake kira DHT, wanda jiki ke sarrafawa daga sinadarin mazakuta, testosteron. A jikin wanda ya gaji abin, sinadarin nan yana ƙanƙantar da tushen gashin gaba da na tsakiyar kai a hankali. Gashi ya riƙa fitowa siriri, gajere, har ya koma kamar na jikin jariri, daga nan ya ɓace. Gashin ƙeya da na saman kunnuwa kuwa galibi bai san ana yi ba. Shi ya sa za ka ga dattijo kansa na sheƙi, amma a ƙasa akwai zoben gashi daga kunne zuwa kunne. Wani likitan fata a New York, Norman Orentreich, ya fara gwada ɗauko gashin ƙeya ya kai gaba a 1952, ya wallafa sakamakon a 1959: gashin yana tafiya da halinsa, ba ya ɗaukar halin inda aka kai shi. Tun a 1939 wani likita a Japan, Shoji Okuda, ya riga ya yi irin wannan dashe ga masu tabon ƙuna da makamantansu, amma yaƙin duniya ya binne aikinsa, duniya ba ta ji labari ba sai daga baya.

Manomin rani zai fahimci abin nan take. Kamar dashen albasa ne, ka cire daga inda aka yi rainon iri ka kai gona. Bambancin kawai, a kan ɗan Adam ba a sake yafa iri. Inda aka cire tushe an cire ke nan har abada. Likita bai ƙara maka ko silin gashi ɗaya ba, ƙaura ya yi wa wanda kake da shi.

Mummunan sunan da dashen gashi ya yi a da, ya cancanci ya yi shi. Daga shekarun 1960 zuwa na 1980 ana yanko fata ne zagaye-zagaye mai faɗin kusan milimita 4, kowace ɗauke da gashi goma sha wani abu zuwa ashirin, a jera su a goshi. In ya tsiro sai ka ga kai kamar gonar gero bayan fitowar shuka: kowane rami da cunkushinsa, tsakani kuma fili fetal. Daga nesa ma ana ganewa. Abin ya fara canzawa a 1984, da wani masanin cututtukan fata, John Headington, ya nuna cewa gashin kai gida-gida yake fitowa, kowane gida da sili ɗaya zuwa huɗu. Bobby Limmer a Texas ya fara rarrabe waɗannan gidaje ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, Robert Bernstein da William Rassman suka tsara hanyar a rubuce a 1995. Tun daga nan aka koma dasa gashi yadda Allah ya halicce shi, gida bayan gida. In ka ji asibiti ta ce za ta yi maka dashe 3,000, waɗannan gidajen take nufi.

Samun ƙananan gidaje ya buɗe ƙofa ne kawai. Ko da su ana ɓata kai.

Ɗauki layin goshi, wanda shi ne abu na farko da ido ke sauka a kai. Matsa kusa da madubi ka dubi goshin wanda bai taɓa sanƙo ba. Ba za ka ga layi ba. Za ka ga wasu sirara, ɗai-ɗai, sun ɗan yi gaba, wasu sun ja baya, sannan a hankali gashin ya riƙa kauri har ya cika. Likitan da ya san aikinsa yana tsince gidaje masu sili ɗaya ya zuba a sahun gaba, ya karkace su da gangan, masu sili biyu da uku ya ajiye su a baya inda ake neman cika. Wanda ke gaggawa kuwa duk abin da ya zo hannunsa shi zai soka, sai ka ga gida mai sili uku tsaye a bakin goshi kamar an dasa tsintsiya. Haka kusurwa. Gashi ba ya fitowa a miƙe kamar ƙusa. A gaba yana kwantawa ne yana fuskantar fuska, a gefen goshi kusa da kunne kusan manne yake da fata yana kallon ƙasa, a tsakiyar kai kuma juyawa yake kamar guguwa. Duk wannan ana yanke shi ne a lokacin da ake huda ƙananan ramukan da za a saka gashin, dubbai a zama ɗaya na awa shida zuwa takwas. Ramin da aka huda a karkace ba daidai ba, gashinsa haka zai yi ta fitowa har mutuwa, ba man shafawa ko mataji da zai lanƙwasa shi.

A nan akwai wani tarko da ya fi kama mu. Matasanmu sun saba da askin da ake fitar da goshi a miƙe, kusurwa a tsaye, reza ta bi ta share. Saboda haka in likita ya ɗauko alƙalami zai zana layi, sai saurayi ya ce a yi masa irin wannan. Ya manta layin mai aski na mako ɗaya ne, in ya tashi sai a sake, in yayin ya wuce a daina. Layin likita kuwa ba ya gogewa. Gaskiya ne goshin baƙar fata ya fi na Bature miƙewa, kusurwoyinsa ba su cika shigewa ciki sosai ba, kuma likitan kirki zai lura da haka. Amma ko a hakan, gara a dasa bakin mai laushi a bar wa mai aski ya fitar da kaifin da reza. Ina ganin wannan ita ce shawara mafi araha da mutum zai karɓa, ita ce kuma aka fi ƙi.

Yanzu lissafi, wanda shi ne zuciyar maganar. Kan mutum na ɗauke da gashi wajen 100,000, na baƙar fata ya ɗan gaza haka. Abin da za a iya ɗiba daga ƙeya da gefe a tsawon rayuwa ba tare da wurin ya yi fayau ba, yawancin likitoci na sa shi tsakanin gida 6,000 zuwa 8,000, wasu mutanen ma ba su kai nan ba. Sa'ar da aka yi ita ce ido ba ya fara ganin sanƙo sai kusan rabin gashin wuri ya tafi, don haka ba sai an mayar da cikar asali ba, rabinta ya isa. To mu ce sanƙon mutum ya ci daga goshi har bayan tsakiyar kai, fili mai faɗin murabba'in santimita 200. In za a sa gida 35 a kowane murabba'i, ana neman 7,000. Rumbun ya ƙare ƙarƙaf, ba a bar ko na gyara ba. Sauko da layin goshi da santimita ɗaya tak yana iya cin gida 500 ko 600, waɗanda wata rana za a neme su a tsakiyar kai a rasa.

Shi ya sa ɗan shekara 24 da goshinsa ya fara shigewa ya fi kowa shiga haɗari. Ba wanda ya san inda sanƙonsa zai tsaya. Likitoci na auna abin da ma'aunin Norwood na 1975, mai mataki bakwai, kuma wanda ke mataki na uku yau zai iya kai na shida nan da shekara goma sha biyar, musamman in mahaifinsa ko kawunnansa sun kai can. In aka zuba masa gida 4,000 a gaba, aka sauko masa da goshi irin na ɗan sakandare, zai yi shekara biyar yana jin daɗi. Sannan gashin asali da ke bayan dashen ya ci gaba da tafiya. Abin da zai rage shi ne tsibirin gashi mai kauri a bakin goshi, bayansa fili, can ƙasa ƙeyar da aka kwashe. Babu mai sanƙon da Allah ya halitta da wannan siffa, don haka ko yaro ya kalla zai san hannu ya taɓa wurin. Ɗan ƙwallon Ingila Wayne Rooney, lokacin yana Manchester United, ya sanar da kansa a 2011 cewa ya yi dashe yana ɗan shekara 25, bayan shekara biyu ya koma aka ƙara. Mai kuɗi da manyan likitocin Landan ke nan, bai gama a zama ɗaya ba.

Abin da ke riƙe gashin asali magani ne, ba wuƙa ba. Akwai minoksidil na shafawa, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988, da ƙwayar finasterayid da ta amince da ita a 1997, wadda ke rage DHT ɗin. Dukkansu ranar da ka daina, amfaninsu ya fara tafiya. Finasterayid kuma yana rage wa wasu ƙalilan sha'awa, mace mai ciki ba ta kusantarsa, don haka ba abin saye a kemis ba ne ba tare da likita ba. Amma wanda ba ya son magani sam, ya kamata a tsara masa dashe da zaton sanƙon zai kai ƙarshe: layi can sama, irin wanda zai dace da fuskar ɗan shekara sittin.

Sai batun irin gashinmu, wanda tallace-tallacen intanet ba sa tsayawa a kai, domin yawancin hotunan na masu gashi mai santsi ne. Murɗewar gashin baƙar fata ba a saman fata ta tsaya ba. Tushen ma a lanƙwashe yake a ciki, kamar ƙugiya. Hanyar da aka fi yayi yanzu, wadda ake kira FUE, tsintar gidaje ce ɗai-ɗai da wani ɗan bututu mai kaifi wanda faɗinsa bai cika wuce milimita ɗaya ba. Bututun a miƙe yake shiga, tushen kuma ya karkace, sai a datse shi. Gidan da aka datse asara biyu ce: an raba ƙeya da shi, goshi bai samu ba. Likitan da ya saba da kanmu yana amfani da bututu mai ɗan faɗi ko mai buɗaɗɗen baki, yana tafiya a hankali, yana duba abin da ya ciro kafin ya ci gaba. Ɗaya hanyar, FUT, yanko siririyar fata ake daga ƙeya a ɗinke, a rarrabe gidajen ƙarƙashin madubi, inda ana ganin lanƙwasar da ido. Ta fi tsare tushen, amma tana barin tabo dogo.

Ba duka ne asara ba. Gashi mai murɗewa yana rufe fili fiye da mai santsi, kuma baƙin gashi a kan baƙar fata ba ya nuna tazara kamar baƙin gashi a kan farar fata. Da gida kaɗan sai a samu cikar da Bature zai buƙaci fiye da haka. In aikin ya faɗa hannun gwani, kanmu na cikin waɗanda suka fi ɓoye dashe.

Inda muke faɗuwa shi ne ƙeya. Na zauna wata ranar Juma'a a shagon aski ina jiran layi, wani magidanci ya cire hula ya zauna. Gaban kansa ba abin cewa, na ɗauka nasa ne na haihuwa. Da mai askin ya juya kujerar ya sa inji ya sauke gashin baya, sai ga fararen ɗigo birjik daga kunne zuwa kunne, wasu wuraren kamar asu ya ci zane. Mutumin ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kada ka sauke bayan nan sosai." Mai askin ya ce, "Ranka ya daɗe, ai na riga na taɓa." Shiru ya biyo baya, ya ɗauki hularsa ya riƙe a cinya har aka gama. An kwashi gidaje fiye da kima daga wuri ɗaya, kuma kowane rami ya warke da tabon da ya fi fatarsa haske. Masu talla na cewa FUE ba ta barin tabo. Tana bari, ƙanana ne kawai, kuma gashi mai ɗan tsawo yana rufe su. Mu kuwa mutanen aski ne, da yawanmu tal-kwabo muke yi ko mu sauke ƙasa sosai. Duk wanda zai yi dashe ya sani yana iya yin sallama da irin wannan aski.

Akwai kuma tabon nan mai tsiro, keloyid, wanda ya fi samun baƙar fata. Wanda hujin kunne, ko tsaga, ko kaciya, ko wani ɗan rauni a ƙirji ya taɓa zame masa ƙullutu mai girma, ya faɗa wa likita tun kafin a taɓa shi, a gwada 'yan gidaje kaɗan a jira watanni a ga yadda fata za ta warke. Haka masu ƙurajen ƙeya masu tauri da ke biyo bayan aski. Waɗannan a daidai rumbun da za a ɗiba suke zaune, sai an magance su tukuna.

Mata ma suna zuwa, kuma nasu ya bambanta. Da yawa ba sanƙon gado ke damunsu ba, kitso ne mai tsauri da ƙarin gashi da ɗaurin da ke jan gaban kai shekara da shekaru har tushen ya mutu, goshi ya yi ta ja da baya. Wannan na cikin abin da dashe ya fi gyarawa da kyau, domin ƙeya lafiya lau take, matsalar kuma ba ta ci gaba muddin an daina ja. In aka koma wa shukun da ke sa ciwon kai, gashin da aka dasa ma zai bi na farko. Amma akwai wata zubar da ke farawa daga tsakiyar kai tana faɗaɗa, fatar ta yi sumul tana sheƙi, wani lokaci da ƙaiƙayi ko zafi, kuma ta fi yawa a matan baƙar fata. Ita cuta ce mai cinye tushen ta bar tabo, dasa gashi a kanta tana ci kamar shuka ne a kan garwashi. Haka zubar da ke yin fili zagaye kamar kwabo dare ɗaya, wadda garkuwar jiki ke haddasawa, da makeron yara. Duk waɗannan aikin likitan fata ne, ba na mai dashe ba.

Masu tambayar hukunci kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Maleshiya a 2007, ta sa dashen gashi ga wanda nasa ya zube cikin tiyatar da ta halatta, domin mayar da abu ne yadda yake.

Abin da ya rage shi ne hannun wa za ka faɗa. Turkiyya na da ƙwararrun likitoci na gaske, tana kuma da wuraren da ake shigar da mutum goma ko fiye a rana, likita ya leƙo ya zana layi cikin minti biyar, sauran aikin duka ma'aikatan da ba likitoci ba su yi. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya ta daɗe tana gargaɗi a kan irin waɗannan wurare, kuma ba a Turkiyya kaɗai suke ba. Alamar da ta fi saurin nuna su ita ce alƙawarin adadi: "gida 5,000 a zama ɗaya", tun ba a ga ƙeyarka ba, daga hoton WhatsApp. Mai saye yana jin ya ci riba, alhali daga rumbunsa ake kwasa. Likitan da ya dube ka ya ce shekarunka sun yi kaɗan, ka fara magani ka dawo bayan shekara, ko ya zana layin sama da inda kake so ya ƙi saukowa, ya fi cancantar kuɗinka.

Sai haƙuri bayan aiki, domin watannin farko ba su da kyan gani ko a hannun gwani. Goshi kan kumbura 'yan kwanaki, ɓawon ramukan ya faɗi cikin mako biyu, hula mai matsewa sai likita ya ba da izini. Tsakanin mako na biyu zuwa na shida yawancin gashin da aka dasa zai zube, tushen na nan a ciki yana hutawa. Sabon tsiro sai wata na uku ko na huɗu, siriri, wani a murɗe ba tsari. Ba a yanke wa aikin hukunci kafin shekara, tsakiyar kai ma kan kai wata goma sha takwas.

In za ka duba hotunan wata asibiti, kada ka tsaya a na gaba da aka ɗauka cikin haske mai laushi. Ka ce a nuna maka na masu irin gashinka da irin fatarka, a nuna bakin goshi daga kusa yadda za ka iya ƙirga silin sahun farko, a nuna ƙeya bayan an sauke ta da inji, sannan a nuna wanda aka yi wa aiki shekara biyar ko fiye da suka wuce. Ka tambayi wa zai huda ramukan da hannunsa, da kuma gida nawa za a bar maka a ƙeya don ranar da za ka sake buƙata.